Littattafan Karayar Arziki: Ina Labarin Uwargida a Ciki?

A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, kasuwannin duniya suka rikice, miliyoyin iyalai a Amurka suka rasa gidajensu. Guguwar ta iso Najeriya: hannayen jari sun zube, kuma a 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar rana guda. Tun daga nan ake ta rubuta littattafai kan irin wannan masifa, masu karatu kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba.

Wanda ya fi tashe shi ne The Big Short na Michael Lewis, wanda ya fito a 2010. Masu yabonsa na cewa ya warware musu ƙulli: yadda aka riƙa bai wa masu ƙaramin ƙarfi bashin sayen gida da ɗan kuɗin ruwa a shekarun farko, daga baya ruwan ya haura har biya ya gagara, alhali bankuna sun riga sun tattara basussukan sun sayar wa wasu. Masu suka kuma na cewa taurarin littafin su ne 'yan tsirarun da suka hango faɗuwar suka ci ƙazamar riba da ita. Matar da aka fitar wa da kaya waje fa? Da ƙyar ake jin ɗuriyarta. A nan ina tare da masu sukar.

Too Big to Fail na Andrew Ross Sorkin ya fi shi kauri, ga tarin sunayen manya da taruka. Wasu na jinsa kamar fim, wasu tun a tsakiya suke ajiye shi.

Amma uwargida, wanda zai fi taɓa miki zuciya tsoho ne: When Money Dies na Adam Fergusson, na 1975, kan hauhawar farashi a Jamus da maƙwabtanta bayan Yaƙin Duniya na Farko. A Nuwamba 1923 dala ɗaya ta kai mak sama da tiriliyan 4. Ma'aikaci na karɓar albashi ya ruga kasuwa kafin farashi ya sake tashi, 'yan fansho da masu ajiya a banki suka wayi gari hannu rabbana. Marubucin ya kawo bayanan da wata uwa a birnin Biyana ta riƙa rubutawa, yadda ajiyarta ta zama takarda, ta koma musayar kayan ɗaki da abinci. Masu karatu kan koka da yawan lissafi da siyasar da ke ciki, amma wannan ɓangaren ne suka fi tunawa. Littafin ya daɗe babu shi a kasuwa, sai bayan rikicin 2008 nemansa ya yi yawa har aka sake buga shi a 2010.