Ma'anar Sunan Lebanon

Yau za mu duba wata kalma da muke yawan karantawa a Tsohon Alkawari, wato Lebanon.

Tun kafin a kira wata ƙasa da wannan suna, sunan jerin duwatsu ne a arewa da ƙasar Isra'ila, kusa da Bahar Rum. Mafi tsayi a cikinsu ya kai mita 3,088. Kalmar ta fito daga wani tushe mai baƙaƙe uku a Ibrananci, l-b-n, ma'anarsa "fari". Dalili kuwa, dusar ƙanƙara takan rufe ƙwanƙolin duwatsun watanni da yawa a shekara, har annabi Irmiya ya ambace ta (18:14).

Tushen nan yana da 'ya'ya da dama. Laban, kawun Yakubu, sunansa Fari ke nan. Larabawa suna ce da nono "laban". Har a bakinmu akwai shi: lubban, turaren nan mai farin ƙaro da masana taurari suka kawo wa jariri Yesu (Matiyu 2:11), ya shigo Hausa ta Larabci daga tushe ɗaya.

Ga inda muke so mu tsaya. Sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin, sai annabi Natan ya tone shi. A Zabura 51:7 ya roƙi Allah ya wanke shi har ya fi dusar ƙanƙara fari, kalmar da ya yi roƙon da ita kuwa daga tushen nan take.

Farin Lebanon daga sama yake saukowa, dutsen ba shi da hannu a ciki. Mu fa? Da yawa cikinmu muna ɗauke da laifin da ba wanda ya sani, muna ta lulluɓe shi da baiko da zuwa sujada. Farar riga ta ranar Lahadi ba ta wanke zuciya. Dawuda yana da dabbobin hadaya ba iyaka, duk da haka sai da ya furta zunubinsa. Mu ma mu furta namu yau, gama jinin Yesu ne yake tsarkake mu (1 Yahaya 1:7-9).

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ga mu yadda muke. Ka wanke mu, ka faranta zukatanmu, cikin sunan Yesu. Amin.