Mayones: har yaushe za a iya ajiye shi?

Mayones, wanda wasu ke kira Bama, ya shiga ƙauyukanmu. Mai shayi yana shafa shi a burodi, mata kuma suna zuba shi a kwaɗon kabeji ranar biki ko suna. Da mai da gwaiduwar ƙwai da ruwan tsami ake yin sa, kuma tsamin nan ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa.

Kwalbar kanti da ba a buɗe ba tana iya kaiwa ranar da aka rubuta a jikinta, muddin tana cikin inuwa. Ku duba ranar kafin ku biya kuɗi. In murfin ya kumbura ko an taɓa buɗe shi, ku bar wa mai kanti kayansa.

Da zarar an buɗe, wurinsa firij, kuma a cinye shi cikin wata 2. To, yawancinmu ba mu da firij, mai shi ma wuta ba ta zama. Sanyin randa bai isa ba. Randa tana sanyaya ruwan sha, amma ba ta kai digiri 5 da ake bukata. Saboda haka ku sayi ƙaramin ƙunshi na leda wanda za ku gama a zama ɗaya. Babbar kwalba ta fi araha, gaskiya ne, amma kuɗin magani ya fi rarar da aka samu.

Babban haɗari yana zuwa ne bayan an gauraya shi da dafaffen ƙwai, dankali, kifi ko kaza. Tsamin ya ragu ke nan, ƙwayoyin cuta kuwa sun sami abinci. Kada irin wannan haɗin ya wuce awa 2 a waje. A lokacin bazara, in zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Abin da aka kwaɓa da hantsi ba na baƙin la'asar ba ne. Kuma kada ku dogara ga hanci ko harshe, domin abinci yana iya ɗauke da cuta alhali bai yi wari ba. A wanke hannu da sabulu kafin a kwaɓa, a ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Wuƙar da ta yanka nama kada ta shiga kwalba.

Na gida da ake kaɗawa da ɗanyen ƙwai ya fi haɗari, domin ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela. A ci shi ranar da aka yi shi. Kada a ba ƙananan yara, mai ciki, tsofaffi ko marar lafiya.

In amai, zawo ko ciwon ciki ya biyo baya, a fara ba da ruwan gishiri da sukari: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idon yaro ya faɗa ya kasa shan ruwa, ku kawo shi asibiti ranar nan, kada ku jira gari ya waye.