Kilisar Dogon Zango da Matsayin Dokin Karkara a Arewacin Zazzau

Hausa ta bambance nau'o'in hawan doki daki-daki. Akwai hawan Salla da hawan Daushe, inda ake nuna ƙasaita da mubaya'a. Akwai sukuwa, wadda gudu ne ma'auninta. Akwai kuma kilisa, wato fita da doki da la'asar sakaliya don motsa jininsa da nishaɗin mahayi. Sai dai wani wasa ya bunƙasa a duniya wanda bai zauna daidai cikin ko ɗaya daga waɗannan ba. A nan an kira shi kilisar dogon zango.

Asalinsa na zamani daga Amurka yake. A shekarar 1955 Wendell Robie da abokansa suka ratsa duwatsun Kalifoniya, mil 100 cikin kwana ɗaya, kuma daga wannan tafiya gasar Tevis ta samo tushe. Mil 100 kilomita 160 ke nan, wajen nisan Zariya zuwa Kano. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi wasan a 1982. Dawakin Larabawa ne suka fi lashe manyan gasa, amma ba a hana kowane irin doki shiga, har alfadarai sun sha kammala Tevis. Akasarin mahaya ma ba kofi suke nema ba. Burinsu su isa da dabbarsu lafiya.

Abin da ya raba wasan da sukuwa shi ne hukuncin likitan dabbobi. Ana yanka hanyar gida-gida, kuma a ƙarshen kowane yanki sai an tsaya. Likita zai saurari bugun zuciyar doki, wanda a ƙa'idar FEI dole ya sauka zuwa 64 a minti cikin lokacin da aka ƙayyade. Zai duba dasashi da fata don gane ƙarancin ruwa a jiki, ya sa a ja dokin da sassarfa ko zai ga ɗingishi. Wanda ya riga kowa isowa da gurgun doki, an cire shi. Wannan ne dalilin zaɓar kalmar zango, domin fatake da madugansu sun daɗe da sanin cewa ayari ba ya wuce ƙarfin dabbobinsa, kuma inda ruwa da ciyawa suke nan ake ya da zango.

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, dukkansu cikin masarautar Zazzau, suna da dawaki iri biyu da al'ada ba ta ba su daraja ɗaya ba. Na farko dokin barga ne na hakimai da dagatai da attajirai, ingarma mai cin harawa da dusa da kanwa, wanda ake tattali domin hawa a Zariya. Na biyu dokin aiki ne. Yankin Maƙarfi da Hunƙuyi ƙasar rake ce, kuma an daɗe ana ɗaura doki yana zagaya injin matse rake wajen yin mazarƙwaila, tun safe har rana ta yi. Maroƙa ba sa yi wa wannan doki kirari, makaɗan fada ba su san da shi ba. Amma da za a auna su biyun da ma'aunin likita bayan kilomita 40 a hanyar burji, ba lallai ne ingarman da ya kwana bakwai a turke ya tsira da girmansa ba. Ƙiba da cikar ƙirji, waɗanda ido ke so ranar hawa, nauyi ne a doguwar tafiya, domin jiki mai kitse ba ya saurin fitar da zafi. Kuru mai ƙaramin jiki da taurin kofato ya fi dacewa da ita.

Haka batun yake ga kayan hawa. Linzamin gargajiya mai zobe an ƙera shi ne don zamiya, a tsai da doki cak a gaban sarki. Awa shida a baki kuwa rauni zai bari. Sirdi mai tsayin ƙwacciya da jalala da sauran kayan ado suna riƙe gumi, majayi kuma yana goge fata. Matasan da ke sukuwa bisa kwalta a hawan angwanci suna da sha'awa da ƙarfin hali, amma irin wannan gudu ne yake karya dawaki tun suna da ƙuruciya.

Lokacin hunturu ya fi kowane dacewa da wannan hawa a yankin: an kwashe amfanin gona, harawa ta samu, rana ba ta da kaifi. Matsalar ita ce hanya. Burtalolin da shanu da dawaki suke bi a da, gonaki sun cinye da yawansu, fadamu kuma a daidai wannan lokaci cike suke da rake da tumatir, ga masu su a tsaye a kai.