Gyaran Madafa Da Makewayi: Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Duk wanda ya zaga unguwannin da aka gina tun daga ƙarin albashin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, zuwa gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, zai ga alama iri ɗaya a jikin bangaye da yawa. Gindin bango ya yi baƙi, fenti ya kumbura, filasta tana zuba kamar gari. In aka leƙa ta ciki, galibi za a tarar da makewayi, ko madafa, ko wurin wanki. Waɗannan su ne wurare uku da ruwa ke kai da kawowa a cikin gida, su ne kuma suke fara tsufa.

Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani da bututun ƙarfe aka fi jan ruwa. Ƙarfe in ya daɗe yakan yi tsatsa ta ciki, hanyar ruwa ta tsuke, mahaɗa ta fara yoyo a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Maigida ya ga ɓarna, sai ya garzaya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ya jibgo tayil mai sheƙi, birkila ya liƙa a kan rigar bango. Ba a rufe damina biyu ba tayil ya fara faɗowa, kuɗi sun tafi, cuta tana nan. Araha dai ba ta ado.

Ƙwararrun magina suna da tsarin da ba su saɓa masa. Da farko a fasa tsohon daɓe da filasta har a kai ga bututu, a cire duk wanda ya ruɓe, a maye gurbinsa da na roba. Na ruwan sha yakan zama rabin inci ko inci uku bisa huɗu, na kwanon wanke-wanke inci 1 da rabi zuwa 2, na masai kuwa inci 4. Sa'an nan a saki ruwa da ƙarfinsa, a bi kowace mahaɗa da hannu ana neman danshi. Lalle ne a yi wannan gwaji kafin a rufe. Mai hikima yakan ɗauki hoton bututun da wayarsa, don kada wata rana kafinta ya buga ƙusa a kansa.

Abu na biyu shi ne gangara. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka dole daɓen makewayi ya karkata zuwa rariya da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, bututun ƙazanta kuma da kimanin santimita 2. Gwajin wannan bai fi ƙarfin kowa ba: a sheƙa bokitin ruwa a kusurwa mafi nisa, a tsaya a gani. In ya kwanta a wani wuri, to, aiki bai yi ba. Haka kuma kowane kwano da kowace rariya suna bukatar lanƙwasasshiyar gwiwa wadda ke riƙe ɗan ruwa kullum, domin ruwan nan shi ke tare wari da kyankyaso daga rami. Masai kuma yana bukatar bututun shan iska da zai zarce rufin ɗaki. A gidan Musulmi, a wannan mataki ne ake duba kada mazaunin masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, a kuma ajiye famfon alwala ƙasa-ƙasa.

Daga nan sai tare ruwa. Siminti kansa yana shan ruwa, haka ma layin da ke tsakanin tayil da tayil. Don haka ake gauraya maganin hana ruwa a cikin kwaɓi, ko a shafa shi a daɓe a ɗaga shi jikin bango, musamman a kusurwoyi da bakin bututu. In ya bushe, a toshe rariya, a tara ruwa na awa 24, a duba ko ya ragu. A gidan bene wannan tilas ne, don wanda ke ƙasa shi zai sha wahala. A ginin ƙasa ma abin ya fi tsanani, gama danshi a gindin katanga shi ke kayar da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kwaɓin daɓe yakan zama kwano 1 na siminti, 3 ko 4 na yashi mai tsabta, a riƙa ba shi ruwa kamar kwana 7, gama sai ya kwana 28 yake kai cikar ƙarfinsa. Tayil na ƙasa ya zama mai kaushi, saboda tsofaffi da yara da masu juna biyu. A sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 tun farko, don launin da aka samu yau ba lalle a same shi gobe ba. In an gama, a ƙwanƙwasa kowanne. Wanda ya yi amo kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, kuma zai fashe.

A madafa, wato kicin, hatsarin ya haɗa da wuta. Iskar gas ta girki ta fi iskar shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya. Saboda haka ban da taga ta sama mai fitar da hayaƙi, ana son kafar iska ta ƙasa, tukunyar gas kuma ta zauna a tsaye, gwamma ma a waje cikin inuwa. Da kumfar sabulu ake neman inda tiyo ke yoyo, kada a kuskura a kusantar da ashana. Soket ya nisanci famfo, na'urar dumama ruwa da injin wanki kuwa kada a haɗa su ba tare da wayar da ke sauke lantarki cikin ƙasa ba.

Wurin wanki shi ne aka fi rainawa, alhali ruwan sabulu mai yawa in aka tura shi ramin masai yakan cika shi da wuri. Ya kamata a yi masa nasa kwatami mai tsakuwa, a rufe, kada a sake shi kan hanya ya zama gidan sauro. Muhimmin abu kuma, masana kiwon lafiya suna ba da shawara ramin masai ya nisanci rijiya da kamar mita 30. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyarta.

Saura batun ma'aikaci. Kafin a ba mutum aiki, a je a ga wanda ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, don sabon aiki kowanne kyakkyawa ne. Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ƙarin shaida ce. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a riƙa biya mataki-mataki, a riƙe wani kaso sai an gwada ruwa an ga bayansa. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin gwaji, shi ma mutuncinsa ake karewa.

Maigidan da aljihunsa bai kai ga yin kome a lokaci guda ba, ya fara da bututu da gangara da rami, ya zauna da daɓen siminti har Allah Ya hore. Tayil ana iya sa shi baɗi, amma bututun da aka rufe da yoyo, sai an fasa duk abin da ke kansa kafin a kai gare shi.