Sayen Kamfanin Katun: Gini Ake Saya Ko Mutane?

Idan lokacin komawa makaranta ya gabato, jakunkunan yara sukan cika rumfunan kasuwar Nima da ke Accra, kusan kowace da hoton wani ɗan katun na Amurka ko Japan. Yaro ba ruwansa da ƙwarin zif ko ɗinki, hoton yake nuna wa mahaifiyarsa. Wannan farin jinin ne manyan kamfanonin watsa shirye-shirye suke hange idan suka zuba biliyoyi wajen sayen kamfanin zane mai motsi.

Ɗan katun ba ya tsufa, ba ya neman ƙarin kuɗi, kuma sauya masa harshe abu ne mai sauƙi, tunda murya kawai za a ɗora. Sai dai yinsa akwai cin rai. Daƙiƙa ɗaya ta fim tana ɗauke da hoto 24, kuma babban fim guda kan ci shekara huɗu ko biyar. Haɗa masu zane, marubuta da masana kwamfuta da suka saba aiki tare ya fi sayen na'ura wuya, shi ya sa mai kuɗi kan gwammace ya sayi kamfanin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

A 2006 Disney ya sayi Pixar kan dala biliyan 7.4, a lokacin da nasa finafinan zanen suka ja baya. Bai rushe Pixar ba, sai ma ya ɗora shugabanninsa, Ed Catmull da John Lasseter, a kan nasa sashen. A 2013 sashen ya fitar da Frozen, wanda ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Comcast ma ya bi sahu a 2016, ya sayi DreamWorks Animation kan dala biliyan 3.8. Amma Disney ɗin nan ne ya gaji Blue Sky, masu Ice Age, cikin cinikin Fox na 2019, ya kuma rufe shi a 2021, domin yana da kamfani biyu masu irin wannan aiki.

Mutanen unguwannin zango na Ghana ba sai sun je Amurka neman misali ba. A Kanda, maƙwabciyar Nima, akwai harabar tsohuwar hukumar shirya finafinai ta Ghana, wadda aka kafa a zamanin Kwame Nkrumah. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin 100 nata ga wani kamfanin talabijin na Malesiya. Shekara ɗaya bayan haka tashar TV3 ta fara aiki a wurin. Tashar ta bunƙasa, har kamfanin Media General ya saye ta a 2011, amma harkar fim ɗin sinima da aka san hukumar da ita ta dusashe. Ba kamfanin katun ba ne, sai dai darasin ɗaya ne: mai saye ya samu fili da kayan aiki, ƙasa kuma ta rasa sana'a.

Yau akwai masu zane a Accra, irin su Leti Arts da aka kafa a 2009 da AnimaxFYB na Francis Brown, kuma makarantar fim ta NAFTI ta koyar da fannin. Ƙananan kamfanoni ne da dukiyarsu take cikin kan ma'aikatansu. Wanda ya saye su bai kyautata wa ma'aikatan ba, ya yi cinikin biri a sama, don gobe za su tattara su kafa wani. Abin lura ne cewa da Disney ya so labarin Afirka bai sayi kamfanin Kugali ba, haɗin gwiwa ya yi da shi suka fitar da Iwájú a 2024.

Ga gidan talabijin na Ghana ko Najeriya, wannan hanyar ta fi dacewa, kuma kasuwar da ke jira ita ce ta Hausa. Yaron Mamobi da ke Accra da na Kano da na Maraɗi za su fahimci shiri ɗaya, ko da karin harshensu ya bambanta. Arewa24 ta nuna shirin yara na Akili, wanda Ubongo na Tanzaniya ya yi, da muryoyin Hausa, amma tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har yanzu ba ta samu shirin da ya game gidaje ba. Gidan talabijin zai iya ba ƙaramin kamfani kwangilar shiri mai dogon zango, ya ɗauko marubuta da masu murya daga unguwannin zango, a rubuta a takarda wanda ya mallaki 'yan katun ɗin da yadda za a raba riba. Idan yara suka karɓe su, to lokacin ne maganar sayen kamfanin za ta yi ma'ana, kuma farashinsa zai fito fili.