Kayan Gyaran Mota Daga Ƙetare: Farashin Kanti Dabam, Na Bakin Gareji Dabam

Duk ma'aikacin da Allah Ya hore wa mota ya san cewa sayenta ba shi ne babban aiki ba, riƙe ta shi ne aiki. Ranar da giya ta fara ƙugi, ko kuwa shokazoba ta saki, ran nan ne maigida zai zauna da biro da takarda yana auna albashinsa da abin da bakanike ya yanka masa. A irin wannan hali ne wani abokin aiki zai raɗa masa cewa ai kayan nan suna da araha a Dubai ko Amurka ko Sin, a yi odarsu ta intanet kurum, cikin mako biyu sun iso. Shawarar ba ta da laifi, amma rabin magana ce. Farashin da mutum ya gani a kantin ƙetare ba shi ne zai biya ba, kuma kayan da suka iso ba lalle ne su hau motarsa ba.

Yadda Muka Iso Nan

Manya daga cikin masu karatu za su tuna zamanin da ma'aikaci ke karɓar rancen mota ya sayo sabuwa fil. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, haka kuma na Volkswagen a Legas, daga baya aka sami na manyan motoci a Bauchi da Kano da Ibadan da Inugu. A lokacin nan motocin da ke kan titi iri kaɗan ne. Wanda ke da 504 ko 404 ba ya shan wahalar neman kaya, domin kowane dillali yana da su, kowane bakanike kuma ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Al'amura sun sake bayan 1986, lokacin da gwamnati ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Daga nan kasuwar motocin gwanjo ta buɗe, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko tokumbo, da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har zuwa Janairun 2017 da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. Sakamakon haka shi ne titunanmu suka cika da motocin da aka ƙera domin ƙasashe dabam-dabam, kowace da irin kayanta. Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, da ta Nnewi, duk sun bunƙasa ne a kan wannan buƙata.

Kaya Iri Huɗu

Ya kamata mai mota ya san cewa abin da ake kira kayan gyara ba iri ɗaya ba ne. Akwai na asali, mai ɗauke da tambarin kamfanin da ya ƙera motar. Akwai na wasu kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda sana'arsu ke nan ƙera birki ko fulogi ko lagireto domin motocin wasu. Daga cikinsu akwai irin su Bosch da Denso da NGK, waɗanda su ne ma ke sayar wa masu ƙera motocin tun farko. Akwai na gwanjo da aka ciro daga motocin da suka mutu a ƙetare. Sai na huɗu, wato jabu, wanda aka lulluɓe da kwalin kamfanin ƙwarai alhali kuwa cikinsa ba kome.

Iri na biyun nan shi ne ya fi jan hankalin masu yin oda, domin sau da yawa ya fi na asali sauƙin kuɗi, wani lokaci kuma ingancinsu ɗaya. Sai dai wanda bai iya rarrabe shi da na huɗu ba, ya sayi wahala da kuɗinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a kan birki kuwa araha tana iya cin rai.

Lissafin Kuɗin Fito

Babban kuskuren da jama'a ke yi shi ne zaton cewa kwastan na ɗora kuɗin fito a kan farashin kaya kaɗai. Ba haka ba ne. Ana haɗa abu uku: kuɗin kayan, da kuɗin dakonsu har zuwa tashar Nijeriya, da kuɗin inshora. A kan wannan jimla ake yanka fito. Saboda haka ƙarfe mai nauyi da aka ɗauko ta jirgin sama yana jawo fito mai yawa ko da an saye shi da araha.

Nawa za a yanka kuwa, ya danganta ga ajin da kayan suka faɗa. Tun 1988 ƙasashen duniya ke amfani da tsarin lambobi guda wajen rarraba kayayyaki, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar kwastan ta duniya mai hedkwata a Burussel. Yawancin sassan mota suna ƙarƙashin lamba 8708, amma sabuwar taya tana 4011, batir yana 8507, fulogi kuma 8511. Tun 2015 Nijeriya ke bin jadawalin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: sifiri, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin 100. Ashe ke nan kaya biyu da ke cikin kwali ɗaya suna iya faɗawa aji biyu.

Bari mu yi misali. Mu ƙaddara ma'aikaci ya sayi akwatin giya a kan abin da ya yi daidai da ₦600,000, dako ya ci ₦190,000, inshora ₦10,000. Jimla ₦800,000. Idan ajin kayan na kashi 10 ne, fito ya kama ₦80,000. Sai harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, shi kuma a kan jimlar har da fiton ake lissafa shi, watau kusan ₦66,000. Kayan ₦600,000 sun zama na ₦946,000, ba a kai ga rabin kashi ɗaya cikin 100 na ECOWAS ba, ba a biya ejan mai fiton kaya ba, ba a biya kuɗin ajiya ba idan kayan suka kwana biyu a tasha, balle ladan bakanike.

Akwai kuma batun canji. Ana mayar da Dala zuwa Naira ne bisa farashin da kwastan ke aiki da shi lokacin fiton kayan, wanda ke bin na Babban Banki. Waɗanda suka yi oda a tsakiyar 2023 sun ɗanɗana wannan, domin bayan an saki Naira a watan Yuni na shekarar, Dalar da take wajen ₦460 ta haura ₦1,500 a farkon 2024. Su kansu ƙananan haraje-harajen suna canzawa: dokar kwastan ta 2023 ta tanadi wani caji na kashi 4 cikin 100 a kan farashin kaya, aka fara karɓarsa a Fabrairun 2025, aka dakatar da shi cikin 'yan kwanaki bayan koken 'yan kasuwa. Darasin da ke nan shi ne a nemi lissafin ejan a rubuce kafin a biya kuɗin kaya, ba bayan sun iso ba.

Mai ɗan ƙaramin oda ya sami sauƙi a Satumbar 2025, lokacin da hukumar kwastan ta sanar da yafe fito ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce Dala 300 ba, idan sun zo ta kamfanonin aika saƙo ko a jakar matafiyi, har sau huɗu a shekara. Ɗan kasuwa mai shigo da kaya da yawa kuwa, hanyarsa ta banki ce: ya buɗe Fom M, ya sami takardar ingancin kaya ta SONCAP ga kayan da dokar ta shafa, sannan kwastan ta ba shi rahoton kimantawa da ake kira PAAR. A kuma lura, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Wanda ya sa a rubuta masa rasit na ƙarya domin rage fito, ya sani kwastan na da ikon ƙin amincewa da shi, ta sake kimanta kayan, ta ci tara, ko ma ta ƙwace su.

Ranar Ɗaurawa

To, an biya fito, kaya sun iso gareji. Nan ne jarrabawa ta biyu take. Sunan mota da shekararta ba su isa a yi oda da su ba, domin Corolla ko Camry ɗin da aka ƙera domin Amurka tana iya bambanta da wadda aka yi domin Turai ko ƙasashen Larabawa, a inji da wayoyi da birki. Abin dogara shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17 a motocin da aka ƙera tun daga 1981, da kuma lambar da ke jikin tsohon ƙarfen da za a cire. Da su za a tambayi mai sayarwa, kuma a ajiye amsarsa a rubuce.

Wani abin da ake mantawa shi ne Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, alhali Ingila da Japan suna bin hagu. Fitilar gaba da aka yi domin titunansu tana karkata haskenta zuwa hagu, wato kai tsaye cikin idon direban da ke tahowa a namu titin. Kayan sitiyarinsu ma ba sa hawa motar da sitiyarinta ke hagu.

Haka nan masu sha'awar ƙawa su yi hattara. Shokazobar da ke sassauto da mota ƙasa, da manyan wili masu siririyar taya, an yi su ne domin shimfiɗaɗɗun tituna. A hanyar da ramuka suka cinye, cikin damina ɗaya za su gama da ƙarƙashin motar. Sabuwar taya ma a duba shekarunta: alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Motocin zamani kuma suna da ƙwaƙwalwar lantarki, wasu sassan sai an saita su da kwamfuta bayan an ɗaura. Idan bakanike ya ce sai ya yanke waya ko ya fafe ƙarfe kafin abu ya shiga, a dakatar da shi, domin kayan da aka taɓa ba sa komawa kanti, mayar da su ƙetare ma sau da yawa ya fi kuɗinsu tsada.

Abin Yi

Ba muna cewa kada a yi oda ba ne. Ƙaramin abu mara nauyi, mai tsada, wanda aka rasa a gida, ya cancanci a nemo shi daga waje. Amma abu mai nauyi, ko wanda ake samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka wurin dillalin da zai karɓi kayansa idan ba su yi ba, sau da yawa sayensa a gida ya fi riba ko da farashinsa ya ɗan ɗara.

Muna kuma kira ga hukumar kwastan da ta riƙa bayyana jadawalin fito cikin harsunan da jama'a ke ji, ita kuma hukumar kula da ingancin kaya ta matsa wa masu jabu lamba a kasuwanni. Ɗalibanmu na kwalejojin fasaha su ma ga fage: garin Nnewi ya fara ne da fataucin kayan gyara, daga baya ya koma ƙera su. Kafin mu kai can, mai mota ya riƙe abu uku kafin ya saki kuɗinsa: lambar shasi, da lissafin fito a rubuce, da bakaniken da ya san aikinsa.