Ranar Da Ƙwarya Ta Ba Ni Kunya A Madobi

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, wata kunya ce na sha, na ga gara in faɗa muku tun kafin ku sha irinta.

Ina cikin rubuta sabon littafina sai na iso wurin bikin tauraruwar labarin, 'yar ƙauye ce, ina son in nuna ƙawayenta zaune a tsakar gida suna kiɗan ƙwarya. Wallahi sai biro ya tsaya cak. Na yi tunani har na gaji, waƙoƙin fim kawai ke zuwa bakina. Ashe ni da nake kiran kaina marubuciya ko baiti ɗaya ban riƙe ba na waƙar iyayenmu. Washegari na hau mota sai Madobi wurin kakata.

Da na faɗa mata abin da ke tafe da ni sai ta kwashe da dariya ta ce, "Kishiya, yau kuma boko ne ya gaza aka tuno da mu?" Na ce, "Iya, a yi haƙuri, ɗaukar karatu na zo yi."

Bayan isha'i ta aika aka kira mata ƙawayenta biyu, aka shimfiɗa tabarma. Aka cika wani babban masaki da ruwa aka kifa ƙwarya a kai, ita ce mai babbar murya, sannan aka kifa ƙananan ƙore a ƙasa, kowace da irin amonta. Ɗaya tsohuwar ta ɗauko shantu tana buga gindinsa a cinya tana tare bakinsa da tafin hannu. Na miƙa hannu zan karɓi abin kiɗa, Iya ta make ni ta ce, "Ba a fara da bayarwa, da amshi ake farawa." Haka na zauna ina tafi ina amshi kamar 'yar aji ɗaya, ina kuskure suna yi mini dariya.

Na tambaye su inda suka koya. Suka ce a dandali, ranar farin wata, wurin gaɗa, babba tana bayarwa ƙanana suna amsawa har ya zauna musu. Idan kuma an gama girbi sai a yi Kalankuwa, samari da 'yan mata na ƙauyukan kusa su haɗu, ga makaɗa, ga kokawa, ga sarautun wasa. A nan kowace yarinya ke nuna abin da ta koya, ta kuma ɗauko sabuwar waƙa daga 'yan wani gari.

To me ya kashe abin? Iya ta ce tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya zama lokacin shinkafa da alkama da tumatir. Ta ce, "Ba na kuka da ruwan nan, ya cika mana rumbu, amma lokacin wasanmu ya koma na aiki." Injin niƙa ya zo ya tafi da dutsen niƙa da waƙoƙinsa, kaset da talabijin suka biyo baya, waya ta zo ta ƙarasa.

Abin da ya sa ni hawaye kuwa, suna tsakiyar wata waƙar kai amarya sai suka tsaya, kowace tana kallon 'yar uwarta. Sun manta ƙarshenta, kuma wadda ta riƙe shi ta rasu bara. Shi ke nan, rabin waƙar ya bi ta kabari. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, amma har gobe muna jin amadarta domin an ɗauka a kaset. Su Iya fa, wa ya ɗauki tasu?

Da na dawo gida sai na yi ta bincike ko akwai waɗanda suka tsare nasu. Na ci karo da labarin ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila. Su ma kiɗansu na gargajiya ya taɓa ja da baya, sai a 1951 suka fara wani biki mai suna Fleadh Cheoil a garin Mullingar, wanda ake yi a watan Agusta, yana zagayawa gari gari. Abin da ya burge ni, ba kallo kawai ake zuwa ba. Ana buɗe azuzuwa na kusan mako guda, gwanaye su zaunar da yara su koya musu irin nasu gogen, da sarewa, da wata ganga mai kama da bandiri, da waƙar baka wadda ba kiɗa. Ana kuma yin gasa bisa shekaru, har da rukunin 'yan ƙasa da shekara 12. Kun ga ke nan dandalinmu ne da Kalankuwarmu suka haɗa wuri ɗaya, su suka riƙe nasu, mu muka saki namu.

Ba cewa nake ku fita yawon dare ba, ƙannena. Wannan karatu a cikin gida yake, tsakanin mata. Hutun nan mai zuwa, ki sayi littafin rubutu guda, ki zauna gaban kakarki ko gwaggonki, ki ce ta yi miki waƙar daka, ta raino, ta gaɗa, ki rubuta, in da waya ki ɗauki muryarta da izininta. Ku kuma roƙi malamanku, ranar al'adu kada a tsaya ga ɗaura zane da cin ɗanwake, a gayyato tsofaffi su koyar, da tsohuwar zuma ai ake magani.

Ni dai na cika rabin littafi, kuma ranar Juma'a zan koma, don Iya ta ce in na iya amshi za ta ba ni shantu in riƙe. Ku taya ni addu'a Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.